Kafin Ku Sayi Oba-Oba



Duk matashin da sha'awar rediyon oba-oba ta kama, tambayarsa ba ta wuce biyu: wacce ta fi ƙarfi, wacce ta fi cin nisa? Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suke rubuta amsar da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wat kaza, kilomita kaza. Shawarata ita ce ku jingine wannan tambayar tukuna, ku fara da wata: da wa zan yi magana, a ina yake, kuma hukuma ta yarda in yi magana a inda yake saurare? Wanda ya amsa wannan ya gama rabin ciniki tun bai taka kasuwa ba.

Wayar salula 'yar gata ce. Kamfani ya kakkafa mata dogayen ƙarafa a kowace unguwa, ka danna lamba a nemo maka mutum ko da yana Makka. Oba-oba ba ta da mai yi mata wannan hidima. Muryarka na fita daga eriyarka kai tsaye zuwa eriyar wani, idan akwai wanin. In babu wanda ya kunna tasa a kan layin da kake, a cikin iyakar da muryarka ke kaiwa, ba abin da za ka ji sai shuuu. Abin da ke jefa oba-oba da yawa cikin durowa ke nan, lafiyarsu ƙalau, abokin magana ne babu.

Nisa na ga mai tudu

Yawancin oba-oba na hannu suna aiki ne a zango biyu, VHF wajen megahaz 136 zuwa 174, da UHF daga megahaz 400 zuwa sama kaɗan. Siginar waɗannan zanguna halinta irin na hasken tocila ne: a miƙe take tafiya, gini ya tare ta, tudu ya tare ta, duhuwar itatuwa ta rage mata ƙarfi. In ta tsira daga waɗannan duka, lanƙwasar doron ƙasa na jiran ta a gaba. Eriyar da ke daidai kunnen mutum a tsaye, wato wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, siginarta ba ta wuce kilomita 5 kafin ƙasa ta lanƙwashe ta bar ta. Mutum biyu a fili fetal, babu gini babu tudu, iyakarsu wajen kilomita 10. A cikin gari mai cunkoson gidaje da rufin kwano, in an samu kilomita ɗaya ko biyu sai godiya.

Amma ɗaga wannan eriyar zuwa mita 25, iyakarta ta koma wajen kilomita 20. Kai ta mita 100, ta koma wajen 40. Nan ne sirrin lambobin da ke jikin kwali: idan an rubuta kilomita 30 ko 50, to lissafin wanda ke kan tsauni ne yana magana da wanda babu komai a tsakaninsu. Yaron da ya hau Dala ko Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, da 'yar oba-oba mai rabin wat, zai iya kaiwa inda mai wat biyar da ke tsakiyar lungunan kasuwar Kurmi ba zai kai ba.

Wat kuwa mai rowa ne. A kusa da ƙasa, kafin ka ninka nisa sau biyu sai ka ninka ƙarfi fiye da sau goma. Wanda ya bar mai wat 5 ya sayi mai wat 8 bai ƙaru da nisan a zo a gani ba, sai dai batirinsa ya riƙa ƙarewa da wuri, rediyon ya riƙa zafi a hannu. Kuɗin da aka zuba a wat, da an zuba shi a eriya mai kyau da doguwar sanda, da an ga bambanci.

Ƙananan na iyali

Mafi sauƙi su ne waɗanda ake sayarwa bibbiyu a kwali ɗaya, irin na kamfanonin Motorola da Midland. Kala biyu ne suka fi yawo a duniya. Na Amurka ana ce musu FRS, hukumar sadarwar ƙasar ta buɗe su a 1996, suna aiki a megahaz 462 da 467, layi 22, ƙarfinsu bai wuce wat 2 ba. Na Turai su ne PMR446, a megahaz 446, layi 16, rabin wat. Dukansu a ƙasashensu ba sa buƙatar lasisi, kuma eriyarsu a manne take da jiki ba ta cirewa, da gangan, don kada wani ya ƙara musu nisa ya dami jama'a. Ku lura, na Amurka ba ya jin na Turai, ko da duka biyun suna nuna layi na 1. In za ku saya ku da abokai, ku sayi iri ɗaya.

Kada ku raina su. Ga hidimar biki, ga wasannin makaranta, ga gona mai faɗi, ga motoci biyu ko uku da suka jero a hanya, babu kamarsu: ba kati, ba data, yaro ma ya iya su. Abu ɗaya ne zan ja kunnenku a kai. Akwai wasu ƙananan lambobi da ake sawa kusa da lambar layi, masu talla su ce na sirri ne. Babu sirrin komai a ciki. Wani siririn sauti ne da ke sa rediyonka ya yi shiru ga duk wanda ba irin lambarka ya sa ba. Kai ne ba ka jin su, su kuwa suna jin ka tsaf.

A Amurka akwai babban yayan FRS mai suna GMRS. Shi sai da lasisi, dala 35 na shekara goma, babu jarrabawa, kuma iyali duka na iya amfani da lasisin mutum ɗaya. An yarda a kai wat 50 a na mota da na gida, an kuma yarda da na'urar miƙa-magana, wadda ake ɗorawa a kan tsauni ko dogon ƙarfe ta karɓi muryarka a wani layi ta sake watsa ta a wani. Da ita ce 'yar ƙaramar oba-oba ke ratsa gari guda. To amma tsari ne na Amurka. Lasisinsa ba ya aiki a Kano, ba ya aiki a Maraɗi.

CB, rediyon direbobi

CB na zaune ne a megahaz 27. An buɗe shi ga jama'ar Amurka a 1958 da layi 23, aka ƙara zuwa 40 a 1977. Abin da ya fito da shi kuwa matsalar man fetur ce ta 1973. Mai ya yi wuya, gwamnati ta taƙaita gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa, sai direbobin manyan motoci suka mai da CB dandalinsu, suna gaya wa juna gidan man da ke da mai da kuma inda 'yan sanda suka laɓe. Layi na 19 ya zama na direbobi, na 9 na neman agaji. Ingila ba ta halatta shi ba sai a 1981.

Alherin CB da wahalarsa duk daga tsawon zangonsa suke, mita 11. Eriyar da ta dace da shi takan kai kusan mita uku, alhali ta megahaz 145 rabin mita ce, ta 446 kuwa ba ta kai tsawon biro biyu ba. Saboda haka CB na hannu mai guntuwar eriya ba ya taɓuka abin kirki, wurinsa mota ko gida. A ɗaya gefen, akwai lokutan da siginarsa ke haurawa sama ta daki wani rufin iska mai caji da ke can sama da gajimare, ta dawo ƙasa a wata nahiya. Wannan na bin zagayen da rana ke yi duk bayan shekara 11, wanda ya kai ƙololuwarsa a wajen 2024. A irin wannan lokaci mai wat 4 kan ji muryoyin Turai ko Kudancin Amurka, gobe kuma ya kunna ya ji tsit. Mai son abin mamaki zai ji daɗinsa, amma wanda ke son ya kira gida kullum a same shi ya nemi wani.

Rediyon 'yan sha'awa

Wanda hira da mutanen nesa ke ransa da gaske, hanyarsa ita ce rediyon 'yan sha'awa, masu lasisi da lambar kira. Wannan tsohuwar zumunta ce. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris a 1925, kuma kowace 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. Kowace ƙasa da harafin da lambobinta ke farawa da shi: Najeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Marigayi Sarki Husaini na Jodan lambarsa JY1, Rajiv Gandhi na Indiya kuma VU2RG, kuma a kan iska da sarki da talaka duk da lamba ake kiran su.

Kuɗin shiga shi ne karatu. A Amurka matakin farko tambaya 35 ce, a ci 26. A da sai mutum ya iya rubutun Mos, na ɗigo da ja, amma taron sadarwa na duniya na 2003 ya ɗage wannan sharaɗin, Amurka ta bi sahu a 2007. Abin da ake koyo ɗan ilimin lantarki ne, da eriya, da doka, da ladabi. Wanda ya ci matakan jarrabawar ya samu zanguna masu yawa: mita 2 da santimita 70 don hirar cikin gari, sai mita 40, 20, 15 da 10 don tsallaka teku.

Mu da muke Afirka muna da wata garaɓasa. A watan Nuwamba na 2018 ƙasar Katar ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Es'hail-2, ɗauke da na'urar 'yan sha'awa da ake kira QO-100. Tsaye yake cak a sararin samaniya, wajen kilomita 36,000 a saman ƙasar Kwango, yana ganin duniya tun daga gabashin Barazil har Tailan, Afirka kuma na tsakiyar idonsa. Da dish irin na kallon talabijin da 'yan ƙarin kayan haɗi ake kama shi, dare da rana, babu jiran yanayi. Kuma saboda masu lasisi ba su da yawa a ƙasashenmu, duk ranar da lambar 5N ko 5U ta yi kira, za ka ji mutane daga ƙasashe suna rige-rigen amsawa.

Akwai kuma oba-oba ta zamani da ake sa wa layin waya, da manhajoji irin su Zello da ke mai da salula oba-oba. Suna kai murya ko'ina, babu ruwansu da eriya. Sai dai jingine suke da kamfanin waya. Mutanen Zamfara sun ga abin da ke faruwa lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar a watan Satumba na 2021: duk abin da ya dogara da sabis ya mutu tare da shi.

Kunne kafin baki

In da za ku ɗauki abu ɗaya kawai daga wannan rubutu, ku ɗauki wannan: sayayyarku ta farko ta zama ta saurare. Saurare ya fi araha, ya fi aminci, kuma shi ne zai nuna muku ko akwai mutane a zangon da kuke shirin kashe wa kuɗi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a nan. Tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, iyayenmu suka san mita 16 da 19 sun fi kamawa da rana, mita 41 da 49 kuma da dare. Ilimin rediyo ne tsantsa, ko da ba su kira shi haka ba. Tsakanin waɗancan tashoshin ne 'yan sha'awa ke hirarsu, a megahaz 7 da 14 da 21. Rediyon gida na yau da kullum zai ba ku muryarsu a shaƙe, ba a gane ko kalma ɗaya, domin da wani salo suke magana mai suna SSB. Ku nemi rediyon gajeren zango da aka rubuta SSB a jikinsa, irin su Tecsun PL-330 ko XHDATA D-808, ku ɗaura masa siririyar waya mita goma ku rataya a itace, za ku sha mamaki.

Wanda bai da kuɗin wannan ma ba a bar shi a baya ba. Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan ta sa wani rediyo a intanet da kowa ke murɗawa kyauta daga wayarsa, akwai kuma ɗaruruwan irinsa masu suna KiwiSDR a ƙasashe daban-daban. Mai kwamfuta kuma ya nemi RTL-SDR, 'yar na'ura mai kama da filasha da aka ƙera tun asali don kallon talabijin, har masu bincike suka gano wajen 2012 cewa tana jin kusan komai daga megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Kuɗinta wajen dala 30, kuma ba ta iya watsa komai, don haka ba za ta ja muku rigima da bakinta ba. Da ita, ko da oba-oba ta hannu, ana kama tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a megahaz 145.800 a ranakun da 'yan sama-jannati ke hira da ɗalibai ko aiko da hotuna. Tana wajen kilomita 400 a sama, amma ana jin ta sarai, domin babu gini a tsakani. Kun ga maganar tudu ta sake fitowa.

Mai araha mai haɗari

Na san inda idon yawancinku yake: Baofeng UV-5R da 'yan uwanta. Tun da ta fito a 2012 ta cika duniya, domin da dala 20 zuwa 30 ka samu VHF da UHF, wajen wat 5, da eriya mai cirewa. Ta shigar da dubban mutane wannan harka, ba a musu. Amma araha ba ta ado. Kunnenta ba shi da tacewa, kusa da babban gidan rediyon FM sai ta kurmance, inda Yaesu ko Icom ko Kenwood za su ci gaba da ji. Saita ta da hannu ciwon kai ne, sai an haɗa da kwamfuta da manhajar CHIRP.

Babban aibinta shi ne ba ta san iyaka ba. Duk lambar da ka danna mata a cikin zangonta za ta yi magana a kai, ko ta jami'an tsaro ce, ko ta motar asibiti, ko megahaz 156.8 da jiragen ruwa ke neman ceto a kai. Ko a Amurka da Turai ba a yarda a hau layukan FRS ko PMR446 da ita ba. Rediyo ce ta mai lasisi da ake sayar wa marar lasisi.

Kuma ku sani, kalmar "ba ya buƙatar lasisi" da ke jikin kwali dokar ƙasar da aka yi kwalin dominta ce. Kowace ƙasa ita ke raba zangunanta. A Najeriya hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ake tambaya, a Nijar ARCEP, a Gana NCA. A Najeriya akwai kuma ƙungiyar 'yan sha'awa mai suna NARS. Matambayi ba ya ɓata. Ko sauraren ma dokarsa ta bambanta: a Amurka an sake wa mutane mara sosai, a Ingila kuwa laifi ne sauraren saƙon da ba don jama'a aka watsa shi ba.

Bayan doka akwai halin da muke ciki. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga, matashin da aka tsayar a shingen bincike da oba-oba a jaka zai sha tambayoyi, kuma ba lalle a saurari bayanin sha'awa ba. Kada ku yi yawo da ita babu dalili. Ku riƙe rasiɗi da takardar izini. Ku bar iyayenku da mai unguwa su san abin da kuke yi, musamman in za ku kafa doguwar eriya a kan rufi. Kada ku taɓa sa layin jami'an tsaro a cikin rediyonku, ko da da sunan wasa.

Ladabi da kiyaye rai

Magana zarar bunu ce, a kan iska kuwa ba ka san kunnuwa nawa ta faɗa ba. Kada ka faɗi adireshin gida, ko ranar tafiya, ko cewa maigida ba ya nan. Ka saurara kafin ka danna, domin layi ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Ka danna, ka ɗan dakata, sannan ka yi magana, ka taƙaita, ka saki. Ka bar ɗan tsaiko tsakanin magana da magana saboda mai larura. 'Yan sha'awa ba sa ciniki a zangunansu, ba sa sa kiɗa, ba sa magana a ɓoye, kuma suna gudun gardamar siyasa da ta addini. In wani ya zo da zagi, shiru ma amsa ce. Abin da ka tsinta na mutane a kan iska amana ne, ba na kai wa majalisa ba.

Eriya kuma tana kisa ta hanya biyu. Kada a ɗaga sanda a inda in ta faɗi za ta taɓa wayar wutar lantarki. Da damina, da zarar hadari ya haɗo, a cire wayar eriya daga jikin rediyo a fitar da ita daga ɗaki, kada a jira tsawar farko. Kada a danna magana babu eriya a jiki, rediyon ƙonewa yake yi. Batiri kuma ba ya son a bar shi a mota cikin ranar bazara.

To ga yadda nake ganin ya kamata ku bi abin. Ku fara da saurare, har ku san zangon da ke da rai a inda kuke. Ku nemi abokai biyu ko uku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan harka ba ta mutum ɗaya ba ce. 'Yan sikawut na da taron hira ta rediyo tun 1958, yanzu ana yin sa duk ƙarshen mako na uku na watan Oktoba, ƙofa ce mai kyau ga ɗalibai. In hirar kusa kuke so, ƙananan na iyali sun wadatar, bayan kun tabbatar da dokar ƙasarku. In ta nesa ce, ku yi karatu ku nemi lasisi, sannan ku kashe kuɗinku a eriya kafin rediyo. Wanda ya bi wannan hanya, ko da sha'awar ta gushe, ya tsira da ilimin lantarki, da sanin taswirar duniya, da iya riƙe bakinsa, kuma waɗannan ba sa ƙarewa a durowa.

Allah ya yi muku albarka, ya sa abin da kuka koya ya amfane ku ya amfani jama'a.